Yadda Shuɗin Gwanki Ya Shiga Dangin Shanu, Ya Fita da Gudu

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta.

Wannan amsa ce ko hamma? Kun cinye min tuwo har da ƙanzo, sannan ku amsa min kamar masu jinya. Na ce ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Yauwa. Barau, janye ƙafarka daga bakin murhu. Kande, ki bar mintsinin ƙaninki, ina ganinki. Ta yau ba ta garinmu ba ce. A bakin mahaifina na ji ta, shi kuma a ƙasar Hindu ya kwaso ta, lokacin da aka kai su yaƙin Bama suka yada zango a can.

An yi wani gwanki a ƙasar Hindu. Na ce gwanki don shi kuka sani, amma nasu ya sha bamban da namu. Tsayinsa ya kusa na doki, gabansa a sama, bayansa a gangare. Fatarsa shuɗiya-shuɗiya ce, kamar rigar rini da ta sha wanki. Ga farin tabo a maƙogwaro. Ga gemu kuma, amma ba a haɓa ba, a tsakiyar wuya ya fito masa. Ƙahon kuwa abin kunya ne, duk girman jikin nan bai wuce taƙi guda ba. Matarsa ja-ja ce, ba ta da ƙaho ko ɗaya, kuma tagwaye take haihuwa. Sunansa Shuɗi.

Mutanen garin da ke kusa da dajin suna da wata al'ada. Ba sa yanka saniya, ba sa dukanta. Sun ce ita ta shayar da su nono tun suna yara, saboda haka uwa ce. In ta kwanta a tsakiyar hanya, mai amalanke sai ya kewaye. Kada ku yi dariya, su ma da za su ga wasu abubuwan da muke yi, dariya za su yi.

Shi kuwa Shuɗi ganyen bagaruwa yake ci. Sai ya miƙe a kan ƙafafun baya kafin ya kai ga reshe, ƙaya tana sukarsa a leɓe. Wata rana yana cikin wannan wahala a bakin daji, sai ya hango wata tsohuwar saniya ta tura baki cikin kwandon mai sayar da alayyafo, ta yagi dami guda. Ya jira ya ji ƙarar sanda. Shiru. Mai alayyafo sai cewa ya yi, "Sannu Inna, a ci lafiya."

Shuɗi ya tofar da ganyen da ke bakinsa. Ya ce, "Kai! Ashe shekara da shekaru wahalar banza nake sha."

Matarsa ta ce, "Maigida, ka bar wannan tunanin. Mu 'yan daji ne."

Ya ce, "Ke ce 'yar daji."

Da gari ya waye ya lashe jikinsa tas, ya gyara gemu, ya nufi gindin cediyar da dattawan gari biyar suke zama suna yanke shari'a. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba, dama haka irinsu suke yi in za su ci ciyawa gajera, amma dattawa suka ɗauka ladabi ne.

Ya ce, "Ranku ya daɗe, ni ɗan gidan shanu ne. Tun ina ƙarami na ɓata a daji. Yau na dawo gida."

Babban dattijo, wanda idonsa ya yi rauni, ya ce, "Ina shaidarka?"

Shuɗi ya ce, "A duba kaina."

Aka duba. Ƙaho biyu.

"A duba ƙafata."

Aka duba. Kofato a rabe biyu.

"A duba bakina."

Aka duba. Yana tuƙa, muƙamuƙi na kai da komo, sak na saniya.

Wani dattijo ya ce, "To, yi mana kukan shanu mu ji."

Shuɗi ya buɗe baki, sai wani gurnani ya fito, kamar an ja tsohuwar ƙofa. Ya yi maza ya ce, "Mura nake yi, ranku ya daɗe. Sanyin daji."

Daidai nan wani tsohon san noma ya zo wucewa, za shi rijiya. Dattawa suka tsayar da shi suka ce, "Kai, ka san wannan a danginku?"

Tsohon Sa ya dubi Shuɗi sama da ƙasa. Ya ce, "Ban san shi ba. Amma in yana so ya shigo, ya shigo. Akwai wuri." Ya wuce abinsa.

Shi ke nan, dattawa suka yanke. Daga yau Shuɗi sa ne, duk wanda ya ɗaga masa sanda ya ɗaga wa uwarsa. Aka shafa masa jan gari a goshi, aka rataya masa sarƙar furanni a wuya. Kafin a tashi taro ya cinye furannin. Ya fita yana taƙama yana waƙa:

Ƙaho gare ni,
Kofato gare ni,
Tuƙa nake yi,
Wa zai taɓa ni?

Ku riƙe waƙar nan, za ku taya ni.

To, a gefen gari akwai wata mata, sunanta Dulari, da mijinta Bansi. Tsohon San nan nasu ne. Ba su da komai a duniya sai shi da 'yar gonar alkama guda ta noman rani, wadda suke yi wa ban ruwa daga rijiya. Hatsin bara ya kai gindin tukunya, in Dulari ta sa hannu yatsunta na taɓa ƙasa. In alkamar nan ta yi, sun ci gurasa har shekara ta zagayo. In ba ta yi ba, sai su bar gidansu su tafi neman abinci a ƙofar wasu. Dulari mace ce mai zuciya. Bansi kuwa mutumin kirki ne, amma irin kirkin nan da ba ya hana tukunya zama wayam. Ni dai Allah ya tsare ni da irinsa.

Duk gonakin garin, Shuɗi bai ga wadda ta yi masa ba sai ta Dulari, don ita ta fi kore. Da hantsi ya shiga ya sunkuyar da kai. Dulari ta fito ta gan shi, ta rarumi sanda. Tana ɗagawa, Bansi ya riƙe sandar ta baya.

"Haba Dulari! Sa ne fa!"

"Maigida, alkamarmu yake ci!"

"To ya za a yi? Dattawa sun yanke."

Dulari ta haɗiye fushinta. Ta shiga daji ta saro ƙaya, kwana biyu tana ja, hannunta duk jini, ta kewaye gonar da shinge wanda ya fi tsayin Bansi. Shuɗi ya zo ya dubi shinge. Ya ja da baya taku uku, ya yi tsalle guda, sai ga shi a ciki. Me ya ce?

Ƙaho gare ni, kofato gare ni, tuƙa nake yi, wa zai taɓa ni?

Madalla. Ta ɗaga sanda, Bansi ya riƙe.

"Haba Dulari! Sa ne fa!"

Sai ta kwaso tsofaffin zannuwanta. Matan can zaninsu guda ya kai kamu goma sha biyu. Ta ɗaɗɗaura su a kan sanduna kewaye da gona, ja da rawaya da kore, iska na kaɗa su, ko zai ji tsoro. Shuɗi ya zo ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Ashe biki ake yi min!" Ya koma daji ya kirawo matarsa da tagwayensa. Matar tana cewa, "Ni dai hankalina bai kwanta ba," amma bakinta cike da alkama take faɗa. Baki ɗaya ya zama huɗu.

Sai Dulari ta ɗauko tsohuwar garwa da muciya, ta tsaya a tsakiyar gona tana bugawa, kwam, kwam, kwam! Tagwaye suka razana. Uban ya ce, "Ku tsaya, kiɗa ne." Ya shiga taka rawa a kan shukar, yana juya gemu. Abin da bai ci ba ya tattake.

Ta ɗaga muciyar. Wa ya riƙe?

Bansi!

Me ya ce?

Haba Dulari! Sa ne fa!

Kun fi shi iya faɗa. Dulari ta ja zaninta ta tafi gindin cediya ta kai ƙara. Aka kira Shuɗi. Ya durƙusa ya ce, "Ni? Ranku ya daɗe, ko hanyar gonar ban sani ba."

Dulari ta ce, "Ku taso ku gani da idonku."

Akwai wani hali da irinsu Shuɗi suke da shi. Ba sa kashi ko'ina. Wuri guda suke zaɓa, yau nan, gobe nan, jibi nan, uba da uwa da 'ya'ya, har abin ya zama tsibi. Barau, rufe bakinka, ba abin dariya ba ne, su sun fi ka tsari. To, Shuɗi a tsakiyar gonar Dulari ya kafa nasa. Dattawa suka iso suka tarar da tsibi har gwiwa, samansa yana tururi.

Dulari ta ce, "Wannan fa, na wa ne?"

Shuɗi bai ko ƙifta ido ba. Ya ce, "Af, wannan gonar ake nufi? Ai taki nake kawo mata. Kullum sai na taso tun daga daji, na riƙe cikina, don kawai in taimaki baiwar Allah. Ko sannu ba ta taɓa ce min ba."

Dattawa suka dubi juna. A wurinsu kashin shanu abu ne mai albarka, da shi suke yaɓe ɗaki, da shi suke hura wuta. Babban dattijo ya ce, "Gaskiya ne. Dulari, ki gode masa."

Ta ce, "Ranku ya daɗe, ku duba da kyau. Kashin shanu faifai yake. Wannan ƙwaya-ƙwaya ne, irin na awaki."

Shuɗi ya ce, "Ciwon ciki nake fama da shi."

Dattawa suka yi masa sannu, suka koma inuwarsu.

Da yamma Dulari ta zagaya gonarta. Kashi biyu cikin uku ya tafi. Saura gefe guda, shi ma ya fara yaushi, don Tsohon Sa ya gaji, ba ya iya jan ruwan da zai ishe shi. Ta zauna a bakin rijiya ta yi kuka, kuka na gaske, don tsoron yunwa ya kama ta. Tsohon Sa ya matso ya sa kansa a kafaɗarta. Ta ɗora hannu a wuyansa tana shafawa, sai ta ji wurin da karkiya ta ci, itacen nan da ake ɗora wa shanun noma a wuya. Wurin ya yi kanta, ba gashi ko ɗaya. Ta shafa, ta sake shafawa. Sai kukan ya tsaya. Ta share ido da bakin zani, ta tashi ta shiga gida, har tana 'yar waƙa. Bansi ya gan ta ya tsorata.

Washegari Shuɗi ya diro gona, sai ya tarar da Dulari da ƙwaryar ruwa da murmushi.

Ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan uwa. Ka yafe min. Jahilci ne ya sa nake ɗaga maka sanda. Yanzu na gane kai sa ne na asali."

Shuɗi ya ce, "Yau kika yi hankali."

Ta wanke shi, ta shafa wa ƙahonsa mai, ta ɗaura masa ƙararrawa a wuya. Jikin ƙararrawar akwai igiya, amma shi ƙarar yake saurare. Ta ce, "Zo mu je in nemi gafararka a gaban dattawa, kowa ya ji." Ya bi ta, gilin-gilin, yana ɗaga kai.

A gindin cediya ta durƙusa ta ce, "Ranku ya daɗe, na tuba. Shuɗi sa ne, ko ba haka ba?"

Suka ce, "Sa ne."

"Shuɗi, kai ma ka faɗa."

Ya ce, "Sa ne ni, ɗan sa, jikan sa."

Ta ce, "To, ya dace a bar sa kamar wannan yana yawo ba mai kula da shi, kamar wanda ba shi da kowa? Gonata ya zaɓa, abincina ya ci. Ni zan riƙe shi, in yi masa duk abin da ake yi wa shanu."

Dattawa suka ce, "Kai, Dulari, Allah ya yi miki albarka." Shuɗi ma ya ce amin.

Ta ja shi sai bakin rijiya. Ta ɗora masa karkiya, ta ɗaura igiyar ƙaton guga na fata, wanda in ya cika sai ƙarti huɗu su kasa ɗagawa.

Shuɗi ya ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Abin da shanu ke yi."

Ya dubi Tsohon Sa, wanda ya samu inuwa ya kwanta yana tuƙa. Tsohon Sa ya ce, "Ka gangara, guga ya hau. Ka dawo, guga ya sauka. Ba wuya. Shekarata goma sha ɗaya ina yi."

Za ku ce me ya hana shi gudu? Ai in ya gudu, sunan ya tafi, alkama ta tafi. Ya ce a ransa, yini guda ne, gobe in koma cin abina. Ya gangara, ya dawo. Ya gangara, ya dawo. Ba shi da tozon kirki da zai tare karkiya, sai ta riƙa zamewa tana goge masa wuya. Ruwa kuwa ya bi magudana, ya shiga alkama, shuka ta miƙe tana sheƙi. Da rana ta faɗi aka zuba masa ƙaiƙayi da busasshen kara.

Ya ce, "Ina alkamar?"

Tsohon Sa ya ce, "Alkama ta mutane ce. Mu namu ke nan."

"To saniyar nan da na gani tana cin alayyafo a kasuwa fa?"

"Inna? Maruƙa tara ta haifa, shekara goma sha biyu ana tatsarta. In ka yi haka, kai ma ka je ka ci alayyafo."

Rana ta biyu aka ɗaura masa garma, aka sa masa takunkumi a baki, ya nome duk inda ya cinye, Dulari na binsa tana shuka gurji da kankana. Matarsa ta leƙo ta kan shinge da tagwayenta don ta ga abin da ya hana shi komawa gida. Dulari ta hango ta, ta ɗauko ƙwarya ta ce, "Yauwa, ga saniyar ma ta zo. Bansi, kawo dabaibayi mu tatsa."

Matar Shuɗi ta ce, "Wa? Ni ban taɓa zuwa gindin cediya ba. Wanda ya ce shi sa ne, ga shi nan a hannunku, ku tatse shi." Ta kaɗa 'ya'yanta, sai ƙura.

Rana ta uku Dulari ta gayyato dattawa biyar har gona, ta shimfiɗa musu tabarma. Ta kirawo maƙerin gari, ya zo da zuga-zugi da gawayi, ya hura wuta, ya sa tsinken ƙarfe a ciki har ya yi ja.

Shuɗi ya matsa kusa da Tsohon Sa ya ce a hankali, "Baba, wannan ƙarfen na mene ne?"

"Na hanci. Za a huda a zura igiya. Duba nawa. Kwana bakwai kawai za ka yi kana hawaye."

Shuɗi ya waiga wurin maƙeri. Ya ce, "To waccan 'yar gudumar da itacen da ke gefe fa?"

Tsohon Sa ya dube shi. Ya ce, "Ka san abin da ake yi wa bunsuru ya zama taure?"

"Na sani."

"To. San noma ma sai an yi masa. Daga nan ba ka ƙara tsallake shingen kowa. Hankalinka zai kwanta ƙwarai."

Maƙeri ya zaro ƙarfe daga wuta ya ce, "A riƙe min kansa."

Shuɗi ya ƙwala ihu, "Ni ba sa ba ne!"

Dulari ta sa hannu a kunne ta ce, "Me ka ce, ɗan uwa? Babban dattijo bai ji ba."

"Ni ba sa ba ne!"

Babban dattijo ya ce, "Haba yaro, tsoro ne. Ai mun duba. Ƙaho gare ka."

"Wannan ƙaho ne? Na ɗan akuya ya fi shi!"

"Kofato gare ka."

"Barewa ma tana da shi!"

"Kukan fa? Ka ce mura."

"Ƙarya nake yi, lafiyata ƙalau! Cikina ma ƙalau, haka muke kashinmu tun kakanni!" Ya fashe da wata sabuwar waƙa:

Ƙahona gajere,
Tozo ba ni da shi,
Kuka ban iya ba,
Ku sake ni in tafi!

Dulari ta ce, "Ranku ya daɗe, kun ji da kunnenku. In ba sa ba ne, mene ne hukuncin naman daji da ya cinye gonar mutum?"

Ƙaramin dattawan ya ce, "Sanda."

Ta kwance igiya, ta ɗauki sandarta, ta ɗaga. Hannun Bansi ya taho da kansa, don ya saba. Ta juyo ta dube shi, kallo guda. Hannun ya tsaya a sama, ya rasa inda za shi, sai ya koma ya sosa ƙeya. Sanda ta sauka a cinyar Shuɗi, tim! Guda ɗaya tak ta samu, don kafin ta sake ɗagawa ya haye shinge, ya haye maƙeri, ya nufi daji da kai a sama, hanci na kallon gajimare. Har yau in kun ga irinsa yana gudu, haka yake ɗaga kai. Hancinsa yake tsarewa.

Alkamar da ta saura ta sha ruwan da ya ja mata, ta yi zangarniya ta nuna. Gurji da kankana suka yi 'ya'ya a inda ya nome, har a wurin tsibin nan suka fi girma. Dulari da Bansi ba su yi ƙiba a shekarar ba, amma ba su bar gidansu ba, kuma ba ranar da ba a ɗora tukunya ba.

Ranar da aka yanke alkama aka baza ta a masussuka, Dulari ta ɗaga kai, sai ta hango wani abu shuɗi a bayan bagaruwa, yana leƙe yana haɗiyar yawu. A can shanu ne ke tattake alkama su fitar da ƙwaya, suna zagayawa tun safe har yamma. Ta ɗaga murya ta ce, "Ɗan uwa! Ka zo a kan kari, yau ranar shanu ce!"

Daga bayan bagaruwa aka amsa, "Baiwar Allah, da wa kike? Ni gwanki ne, ɗan gwanki, jikan gwanki. Wucewa nake yi."

Ya wuce kuwa, da sauri.

To, kun ji. In kun ga ana girmama wani, kafin ku ce ku danginsa ne, ku tambayi abin da ya ɗauka har aka girmama shi. Wanda ya karɓi suna don ya ci, ranar aiki da sunan za a kira shi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, na sauke ta a nan, kusu ya ja ta rami. Kande, tashi ɗan uwanki, a ɗauke tabarma.